Ruwan Mafitsara da Tsara Gashin Ciki ga Masu Sankarar Bakin Mahaifa: Nazari Daga Kaduna

Matar da aka tabbatar tana ɗauke da sankarar bakin mahaifa a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko a Asibitin Sojoji na 44, ko wadda aka turo daga Babban Asibitin Kawo, idan har cutar ta wuce inda tiyata za ta iya cire ta, maganinta gashi ne. Yawanci takarda za a ba ta ta nufi Shika, sashen gashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tafiyar kilomita kusan 80 daga tashar Kawo, ko kuwa ta hau jirgi a Rigasa ta nufi Abuja. Dangi za su zauna su yi lissafin kuɗin mota, kuɗin masauki, kuɗin kemo, da tsawon layin masu jiran na'ura. Abin da ba ya shiga lissafin kowa shi ne yawan ruwan da zai kasance a mafitsararta a 'yan mintocin da ake yi mata gashin ciki. Alhali wannan ruwa, wanda bai kai cikin kofin shayi ba, yana da hannu wajen ko za ta warke ta koma gidanta lafiya, ko za ta warke daga sankara ta shiga wata wahalar ta fitsari ko ta hanji har ƙarshen rayuwarta.

Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na shekarar 2020 ya nuna mata sama da 12,000 ne ke kamuwa da wannan cuta a Najeriya duk shekara, kusan 8,000 kuma suna rasuwa. Ita ce ta biyu a tsakanin matan ƙasar bayan sankarar mama. Musabbabinta ƙwayar cutar HPV ce, kuma nau'i biyu kawai, na 16 da na 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na cutar. Najeriya ta shigar da rigakafin wannan ƙwaya cikin alluran yau da kullum a watan Oktoba na 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Amfanin wannan sai nan da shekaru za a gan shi. Matan da ke zuwa asibiti yanzu, da yawansu sun daɗe suna ganin jini bayan daina al'ada ko bayan kwanciyar aure, sun sha maganin sanyi da na gargajiya, sai da ƙarin ya yi girma suka iso. Su ne gashi ya zame wa dole.

Yadda maganin yake

Maganin sankarar da ta yi nisa hawa uku ne a haɗe. Akwai gashin waje, inda na'ura ke harbo haske daga nesa zuwa ƙugu gaba ɗaya, yawanci gire 45 a zama 25, wato mako biyar. Gire shi ne ma'aunin yawan gashin da tsoka ta sha. Akwai kemo na sisfilatin sau ɗaya a mako, wanda ya zama ƙa'ida tun 1999 bayan gwaje-gwaje da dama a Amurka sun nuna yana ƙara yawan masu tsira. Na uku shi ne gashin ciki, wanda likitoci ke kira birakiterafi. A nan ana zura siririn bututu ta bakin mahaifa har cikin mahaifa, a ajiye zobe ko ƙwallaye biyu a ƙuryar farji kusa da ƙarin, sannan na'ura ta tura ɗan guntun ƙarfe mai fitar da haske ya bi cikin bututun yana tsayawa wuri-wuri.

Wannan hawa na uku ba na ganin dama ba ne. Wani nazari da aka wallafa a 2013 a kan mata sama da 7,000 a Amurka ya nuna amfani da gashin ciki ya ragu daga kashi 83 cikin ɗari a 1988 zuwa kashi 58 a 2009, kuma matan da aka yi musu shi kashi 58 ne suka kai shekara huɗu a raye, waɗanda ba a yi musu ba kashi 46. Duk macen da aka gama mata gashin waje, jini ya tsaya, ta ji sauƙi ta koma gida ba tare da gashin ciki ba, rabin magani ta sha.

Ƙarfin gashin ciki da haɗarinsa tushensu ɗaya ne, wato kusanci. Wanda ya taɓa jin ɗumin garwashi a lokacin hunturu ya san matsowar taki ɗaya takan mai da ɗumi ƙuna. A lissafin fiziks, idan nisa daga tushen haske ya ninka biyu, ƙarfinsa yakan koma kashi ɗaya bisa huɗu. Tsokar da ke nisan milimita 20, idan ta matso zuwa milimita 18, gashin da za ta sha ya ƙaru da kusan kashi 23 cikin ɗari. Idan ta matso zuwa 15, ya ƙaru da kusan kashi 78. Shi ya sa ake iya ba ƙarin gashi mai yawa ba tare da an ƙona fata ko ƙashi ba, shi ya sa kuma motsin milimita biyu ko uku ke da nauyi a wannan aiki.

To, bakin mahaifa ba shi kaɗai yake zaune ba. Mafitsara tana manne da shi ta gaba. Ƙarshen hanji, wanda ke sauka zuwa dubura, yana bayansa. Lanƙwasar babban hanji tana sama ta baya, ƙananan hanji kuma suna kwance a kan mahaifa suna zamewa duk inda suka sami gurbi. A cikin waɗannan maƙwabta huɗu, mafitsara ce kaɗai ma'aikacin asibiti zai iya ƙara wa girma ko ya rage mata a cikin minti ɗaya, da sirinji da ruwan gishiri.

Daga ɗigo zuwa hoto

An gano radiyom a 1898, kuma a 1903 wata likita a birnin New York, Margaret Cleaves, ta sa shi a jikin mai sankarar mahaifa. Daga nan aka sami makarantu uku na wannan aiki, a Stockholm da Paris da Manchester. Ta Manchester ce ta fi yaɗuwa a ƙasashen da Ingila ta mulka. A 1938 Margaret Tod da W. J. Meredith suka fito da ɗigon da ake kira A, santimita biyu sama, santimita biyu gefe daga bakin mahaifa, aka riƙa rubuta awon gashi a kansa, aka kuma gyara bayaninsa a 1953. Kowace mace, ƙarinta babba ko ƙarami, ɗigo ɗaya ake yi mata lissafi da shi.

Mafitsara ta sami nata ɗigon a 1985, a rahoto na 38 na hukumar duniya mai tsara ma'aunan haske, ICRU. Ana zura robar fitsari, a hura 'yar balan-balan da ke bakinta da mililita 7 na ruwan da ke fitowa a hoton eksire, a ja ta ƙasa ta zauna a wuyan mafitsara, sai a ɗauki bayan balan-balan ɗin a matsayin wakilin mafitsara baki ɗaya. A zamanin da aka tsara wannan, gashin ciki na sannu-sannu ne, da siziyom, mace tana kwance kwana ɗaya zuwa uku da bututu a jikinta. Ba yadda za a yi a toshe mata fitsari tsawon wannan lokaci, don haka robar a buɗe take, mafitsara kuma babu komai. Tambayar a cika ko kada a cika ba ta taso sosai ba sai da aka koma gashi mai sauri, wanda ake gamawa cikin mintoci, da iridiyom ko kobalt.

Da aka fara ɗaukar hoton siti sikan da na MRI da bututun a jiki, sai aka ga abin da eksire ba ya nunawa. Wurin da ya fi shan gashi a mafitsara sau da yawa ba a wuyanta yake ba, yana sama da balan-balan ɗin, inda bangon baya ya kwanta a kan bakin mahaifa, kuma abin da yake sha yakan zarce abin da ɗigon ya faɗa. A 2005 da 2006 ƙungiyar masana gashin ciki ta Turai, GEC-ESTRO, ta fitar da sabuwar ƙa'ida: a zana ƙarin kansa a hoto, a zana kowane maƙwabci, sannan a auna gashin da ya sauka a kan mililita biyu mafi shan zafi na kowace gaɓa. Rahoton ICRU na 89, a 2016, ya tabbatar da wannan hanya. Binciken EMBRACE, wanda ya tattara mata 1,416 daga cibiyoyi 24 tsakanin 2008 da 2015, ya nuna cewa da wannan tsari, a kashi 92 cikin ɗari na matan cutar ba ta dawo a wurinta na asali ba bayan shekara biyar. Kashi na biyu na binciken ya sa iyakoki: ƙarin ya sami aƙalla gire 85, an fi son 90 zuwa 95, mafitsara a yi ƙoƙari kada ta kai 80, kuma kada ta wuce 90, ƙarshen hanji a nemi ƙasa da 65, lanƙwasar babban hanji da ƙananan hanji ƙasa da 70, iyakarsu duka 75.

Abin da cika mafitsara ke jawowa

An yi nazarce-nazarce da yawa a kan wannan a Turkiyya da Indiya da Japan da Koriya da Amurka. Salonsu kusan iri ɗaya ne: a ɗauki hoton mace ɗaya da mafitsara babu komai, a zuba ruwa ta roba, a sake ɗauka, a kwatanta. Mai karanta su a jere zai iya zaton sun saɓa wa juna, domin wasu sun yaba cikawa wasu sun yi gargaɗi a kanta. A ganina saɓanin bai kai yadda ake zato ba. Abin da kowa ya auna ne ya bambanta.

Idan mafitsara ta cika, tana ɗaga ƙananan hanji sama, ta kore su daga saman mahaifa inda kan bututun yake. Wannan shi ne sakamakon da ya fi maimaituwa, kuma riba ce ta gaske, domin ƙananan hanji ba sa jure gashi. Illarsu takan fito bayan watanni ko shekaru: gudawa mai naci, ƙuntatar hanji, toshewa, wani lokaci har a kai ga tiyata. Haka kuma bangon gaba na mafitsara da samanta suna nisanta daga bututun, don haka matsakaicin abin da mafitsara gaba ɗaya ta sha yana raguwa. Wanda ya auna matsakaici zai ce cikawa ta yi amfani.

Amma bangon baya ba ya zuwa ko'ina. Ruwan ma danna shi yake yi a kan bakin mahaifa, gefunansa biyu kuma su sauko su rungumi wurin da zoben yake. Saboda haka mililita biyun nan mafi shan zafi, waɗanda su ne ma'aunin haɗari, sau da yawa gashinsu ƙaruwa yake yi idan ruwan ya yi yawa. Wanda ya auna wannan zai ce cikawa ta yi ɓarna. Dukansu gaskiya suka faɗa. Ƙarshen hanji bai cika canzawa ba, lanƙwasar babban hanji kuwa ya danganta da mace: a wata ruwan yakan kore ta, a wata ya tura mahaifa baya ta je ta same ta.

Bari a sa lamba domin a ga girman abin. Gaɓoɓin lafiya sun fi jin ciwon gashi mai yawa a zama ɗaya, don haka ana mayar da kowane awo zuwa ma'auni guda kafin a tara. A wannan ma'auni, gashin waje na gire 45 a zama 25 ya riga ya ɗora wa mafitsara kusan 43. A ce za a yi gashin ciki sau huɗu, gire 7 kowane zama, kamar yadda ake yi a Vienna da cibiyoyi da yawa. Idan wuri mafi zafi a mafitsara yana shan gire 5 a kowane zama, jimilla za ta tsaya a wajen 75, cikin aminci. Idan ya koma shan 6.5, jimilla ta haura 92, ta tsallake iyaka. Tsakanin 5 da 6.5 ƙarin kashi 30 ne cikin ɗari, kuma mun ga a sama cewa matsowar milimita biyu zuwa uku ta isa ta kawo shi.

Akwai wani abu da ke sa na fi jin tsoron cikawa fiye da kima. Ƙananan hanji yawo suke yi. Lanƙwasar da ta sha gashi ranar Litinin ba lalle ita za a tarar a wurin ranar Alhamis ba, don haka nauyin yakan rarrabu. Bangon bayan mafitsara kuwa a manne yake, shi ne dai zai sha yau, ya sha jibi, ya sha mako mai zuwa. Wanda ya cika mafitsara sosai don ya ceci hanji, ya sauke nauyi daga gaɓar da ke iya gocewa ya ɗora wa wadda ba ta da wurin gudu. Wannan ba ya nufin a manta da hanji. Macen da aka taɓa yi wa tiyatar ciki, misali wadda ta haihu ta hanyar aiki sau biyu ko uku, hanjinta kan manne wuri ɗaya, kuma a irin wannan hali lanƙwasa guda ce za ta yi ta shan gashin. Hoto ne zai raba gardama, mace bayan mace.

Tsohon ɗigon 1985 ma bai mutu ba. Nazarin da aka yi a kan matan EMBRACE ya nuna gashin mililita biyun nan yana da alaƙa da fitsarin jini da kumburin mafitsara da ɓulewarta, shi kuma gashin da ya sauka a ɗigon balan-balan, kusa da wuyan mafitsara, yana da alaƙa da kasa riƙe fitsari. Cibiyar da eksire kaɗai take da shi ba aikin banza take yi ba idan ta auna wannan ɗigo da kyau. Sai dai ta san cewa ba ya ganin abin da ke faruwa a sama da shi.

Hoto da gaskiya

Duk wannan muhawara ta cika ko rashin cikawa tana zuwa ne bayan wani sharaɗi da ya fi ta muhimmanci. Tsarin gashi a kan hoto ake gina shi. Bayan an ɗauki hoton, likita zai zana ƙari da gaɓoɓi, masanin fiziks zai lissafa daƙiƙa nawa guntun ƙarfen zai tsaya a kowane wuri, a duba, a sa hannu. Wannan yakan ci awa ɗaya, wani lokaci uku ko fiye, musamman inda ma'aikata ba su da yawa, ko na'urar hoton tana wani gini. A duk wannan lokaci ƙoda ba ta daina aiki ba. Tana sauke kusan mililita ɗaya a minti, fiye da haka idan ana yi wa matar ƙarin ruwa. Idan an manta robar a toshe, mafitsarar da aka ɗauka a hoto da mililita 50 za ta iya kai 200 kafin a kunna na'ura. Idan kuma an ɗauki hoton a cike aka yi gashin a buɗe, hanjin da aka ga ya kauce ya dawo ya kwanta a kan bututu. A duka halayen biyu, lambobin da ke kan kwamfuta masu kyau ne, amma na wata mafitsara ce daban, ba wadda aka gasa ba.

Maganin wannan ba shi da tsada. A zubar da fitsarin duka, a zuba ruwan gishiri da aka auna da sirinji, a toshe robar, a ɗauki hoto, a buɗe. Dab da gashi a sake zubarwa, a zuba daidai wancan awon, a toshe, a yi gashin, a buɗe. A rubuta awon a katin mara lafiya, a wurin da nas ɗin da ta karɓi aiki da rana za ta gani ba tare da ta tambayi kowa ba. A inda ake ɗaukar hoto sau ɗaya a yi amfani da tsarinsa a zama biyu ko fiye, saboda tsadar siti sikan, wannan rubutu ya ƙara zama wajibi.

Abin da ya keɓanci matanmu

A gashin waje babu roba, don haka shan ruwa ake dogara da shi. Ƙa'idar EMBRACE ta biyu ta ce mace ta yi fitsari awa ɗaya kafin gashi, ta sha mililita 300 zuwa 500, wato kusan leda ɗaya ta fiya wata, sannan ta riƙe. An tsara wannan ne ga matar da ta zo daga gida da ruwa a jikinta. Matar da ta taso daga Rigasa ko Badarawa ko Unguwar Dosa da asuba a watan Maris ko Afrilu, ta ƙi shan komai a hanya don kada fitsari ya kama ta a mota, ta iso da bushewar jiki, ledar nan jikinta ne zai shanye ta, kaɗan ne zai sauka mafitsara. Ita ɗin dai, a ranar da aka yi mata ƙarin ruwa saboda kemo, mafitsararta tana iya cika har ta kasa riƙewa. Ga zawon da gashi ke jawowa, ga zafin fitsari da ke rage yawan abin da mafitsara ke ɗauka a makonnin ƙarshe. Ga kuma masu dagewa da azumi duk da rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya, alhali sisfilatin yana cutar da ƙodar da ba ta samun ruwa. Wannan duka dalili ne na kada a ɗauko hanyar shan ruwa a kawo ta gashin ciki. Tunda robar na nan, a auna da sirinji.

Kunya ma tana cikin lissafin. Dattijuwar da sa'ar jikanta ne ke kula da ita ba za ta buɗe baki ta ce fitsari ya matse ta ba, ko ta ce ya zubo. Za ta yi shiru tana mutsu-mutsu, motsin nan kuma yana iya gusar da bututun. Kalma kaɗan daga nas tana rage wannan: "Mama, za mu zuba miki ruwa kaɗan ta robar nan, za ki ji kamar fitsari ya kama ki. Ba komai ba ne, minti kaɗan ne mu sake shi. In ya yi miki zafi ki gaya mini." Macen da aka yi wa wannan bayani da harshenta takan kwanta lamo.

Sannan ba kowace mafitsara ce ke karɓar abin da littafi ya ce ba. Lafiyayyar mafitsara tana ɗaukar mililita 400 zuwa 600. A ƙasar Hausa tsargiya tsohuwar cuta ce a garuruwan da ke bakin rafi da dam da fadama, kuma idan ta daɗe takan bar tabo a bangon mafitsara, ya yi kauri ya daina miƙewa. Akwai matan da aka taɓa yi wa ɗinkin yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, a Babbar Ruga ta Katsina, ko a Asibitin Murtala na Kano, ko a Asibitin Gambo Sawaba na Zariya. Mafitsararsu takan ƙanƙance, wurin ɗinkin kuma daidai yake da wurin da gashin ya fi sauka. Akwai kuma waɗanda ƙarin ya riga ya ci bangon mafitsara. Tambayar ko mace ta taɓa fitsarin jini tana yarinya, ko an taɓa yi mata ɗinki, ta cancanci gurbi a takardar karɓar mara lafiya a kowace cibiyar gashi ta Arewa.

Wannan yanki ya san abin da yoyon fitsari ke yi wa mace: warin da ke korar baƙi, rashin natsuwa a salla, auren da ke mutuwa. Yoyon da gashi ya jawo ya fi na haihuwa wuyar gyara, domin tsokar da ta sha haske jini ba ya ratsa ta sosai, ɗinki ba ya kamawa da sauƙi. Ina ganin wannan kaɗai ya isa ya sa likitan da ke aiki a Arewa ya fi takwaransa na ko'ina kishin bangon mafitsara.

Akwai wurin da cikar mafitsara ba ta da abokin gardama, wato lokacin zura bututu. Duk macen da ta taɓa zuwa sikanin tana da ƙaramin ciki ta san ana cewa ta sha ruwa tukuna, domin ta cikin ruwan mafitsara na'urar ke hango mahaifa. Ƙari yakan rufe bakin mahaifa ya karkatar da hanya, kuma bututun da aka zura a makance yana iya huda mahaifa ya fita ba tare da kowa ya sani ba. Idan aka cika mafitsara aka ɗora na'urar sikanin a mara, likita yana kallon inda bututun ke bi. Cibiyar Peter MacCallum da ke Melbourne a Ostireliya ta yi shekaru tana tsara gashin ciki da taimakon wannan na'ura, ta kuma nuna ana iya dogara da ita. Darasi ne mai amfani gare mu, domin na'urar sikanin tana nan a asibitocin haihuwa da yawa a Kaduna da Zariya, MRI kuwa ba kowa ke iya biyan kuɗinta ba. Sai dai ruwan da aka cika don zura bututu ba shi ne ruwan gashi ba. Idan bututun ya zauna, a zubar, a koma awon da aka tsayar.

Matsayata ita ce, inda eksire kaɗai ake da shi, a bar robar a buɗe, mafitsara babu komai, a hoto da a gashi, domin ba hikima ba ce a kumbura gaɓar da ba a ganin bangonta. Inda akwai siti sikan ko MRI, a fara da ruwa kaɗan, kamar mililita 50, wanda ya isa ya fito da siffar mafitsara a zana ta. Idan hoton ya nuna hanji kwance a kan mahaifa, a ƙara zuwa 100 ko sama kaɗan, a sake duba, a zaɓi awon da ya fi raba nauyi tsakanin gaɓoɓin biyu, a tsaya a kansa ga wannan matar. Cikawa har mace ta matsu ba ta da gurbi a nan.

Kada kuma neman kamala ya jawo jinkiri. Magani gaba ɗaya, na waje da na ciki, ana so a kammala shi cikin mako takwas, EMBRACE ma kwana 50 ta sa, domin ƙarin yana ci gaba da tsiro a duk ranar da aka ƙara. Ga kuma batun ƙarfen da ke fitar da hasken: iridiyom ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk kwana 74, sai an riƙa shigo da sabo daga waje sau da yawa a shekara, shi kuwa kobalt sai bayan shekara biyar da 'yan watanni. Shi ya sa kobalt ya fi dacewa da inda shigo da kaya ke da wuya. Waɗannan manyan matsaloli ne na gwamnati da hukumomin asibiti, kuma gyaransu yana buƙatar kasafin kuɗi. Auna ruwan mafitsara kuwa yana hannun ma'aikatan da ke ɗakin a wannan rana.

Ina kira ga likitocin mata da ke tura marasa lafiya daga asibitocin Kaduna da su rubuta tarihin tsargiya, ɗinkin yoyon fitsari da tiyatar ciki a takardar da suke ba su. Cibiyoyin gashi kuma su sa layi ɗaya a katin gashin ciki, na mililita nawa aka zuba lokacin hoto da nawa aka zuba lokacin gashi, da sa hannun wanda ya zuba. Ke kuma 'yar uwa mai jinya, ko ɗan uwa mai rakiya, idan an gama gashin waje jini ya tsaya, kada ku tattara kaya ku koma gida. Ku tambayi ranar gashin ciki, ku tabbata an yi shi kafin mako na takwas ya cika.